Saniyar Jaɓɓi

Horo Birni, daren Laraba

Saniyar da maƙwabcina Jaɓɓi ya bar mini amana ta ci gyauron dawa, cikinta ya kumbura. Yana Sakkwato jinyar matarsa, wayarsa a kashe.

Kawu ya ce, "Mi kaka jira? Yanka ta! In ta zama mushe, wa ta amfana?"

Maiɗakina ta ce, "Da bakinka ka ce ba za ka sa mata wuƙa ba. Alkawari ba ya duban riba."

Abin haushi, kowa da gaskiyarsa. Na ɗura mata man gyaɗa, gefenta zan kwana. Muddin tana tsaye, maganata tana nan. In ta faɗi, zan yanka. Gara in sha zagin Jaɓɓi da in nuna masa inda ungulaye suka taru.