Binciken Talata Yana Nan: Ta'aziyyar Baba Ina-Shaida

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai Kowa Mai Komai, Mai Girma Shugaba, 'yan kwamiti da ɗaukacin direbobin ƙungiyarmu ta motocin haya suka karɓi labarin rasuwar dattijonmu, Babban Jami'in Duba Ƙa'idojin Aiki, wanda tasha kaf ta sani da Baba Ina-Shaida, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Shekara ashirin da uku marigayin ya yi yana zagaye rana ɗaya da jan biro a kalandar ofishinsa duk bayan wata uku, ranar da kowace mota za ta shiga layi a duba birkinta, tayoyinta, fitilunta da takardar gwajin idon direbanta. Idan direba ya ce an gyara, Baba ba ya musu, sai dai ya miƙa hannu ya ce, “Ina shaida?”, abin da ya jawo masa sunan nan ke nan. Dole a kawo tsohon ƙarfen da makanike ya cire, Baba ya ɗaura masa takarda mai lambar mota da kwanan wata, ya rataye a ƙusa, har ofishin ya koma kamar rumfar 'yan gwangwan. Mun yi gunaguni, ba za mu ɓoye ba. Akwai ma waɗanda suka daina gaishe shi na mako guda, shi kuwa bai fasa tambayarsu lafiyar yara ba.

Amma shekarar da masu bincike na hukumar lasisi suka faɗo mana ba sanarwa, a ɗakin nan suka wuni suna jujjuya ƙarafa suna gwada su da abin da ke rubuce a fayil ɗin kowace mota, suka fita ba su tsare mota ko ɗaya ba. Ba mu san adadin fasinjojin da suka isa gida lafiya albarkacin taurin kansa ba, su ma ba su san shi ba.

Bayan rasuwarsa wasu sun ba da shawarar a ɗage binciken Talata mai zuwa saboda juyayi, mu kuwa mun san halinmu: idan aka ɗage sau ɗaya, an ɗage ke nan. Da muka ɗaga kalandarsa, sai muka tarar ya zagaye ranakun har ƙarshen baɗi, a ƙarƙashin Talatar kuma ya rubuta cewa motar Shugaba ce ta farko, domin birkinta na kuka.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, 'ya'yansa, jikokinsa da dukkan dangi. Allah ya jiƙansa, ya sa aikinsa ya zame masa shaida, ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Bincike yana nan ranar Talata da ƙarfe takwas na safe. Mai Girma Shugaba ya riga ya kai motarsa wurin makanike, ya kuma ce a ajiye masa tsohon ƙarfen.

Kawu Sannu-Sannu,
Kakakin Ƙungiya,
A madadin Shugaba da 'yan kwamiti.