Ganuwar da ke Bisa Dutse

Tabotaki, 9 ga Maris 1994

Yayana Sha'ibu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Balki da yara, da zaman Abijan. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Baba da ta hana shi hawa dutse tun bayan damina. Yanzu ni ke kai baƙi kufan kakanninmu can bisa, in nuna musu ganuwar duwatsun da suka ɓuya a cikinta zamanin hare-hare. Kullum na sauko sai Baba ya tambaye ni ko ganuwa lafiya, kamar wata 'yarsa.

Wani baƙo ya zo, Isaka, wai daga gidan tarihi na Yamai. Ban yarda da shi ba. Baƙin da na sani su duba, su ɗauki hoto, su sauka. Shi kwana huɗu yana awon ganuwa da igiya, yana rubuta komai a littafi. Me ya haɗa kallo da awo? Mijina Haruna ya ce in sa masa ido, irinsu ne ke kwashe kayan tsofaffi su sayar wa Turawa.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hindatu

Tabotaki, 2 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gajiyar aiki? Abin da nake tsoro ya faru. Ganuwar gabas ta yi giɓi kamar bakin tsohuwa. Na kai ƙarar Isaka wurin maigari, Haruna ya tsaya mini shaida. Isaka ya yi ta rantsuwa, wai awon da yake yi don a gane ne idan wani abu ya ɓata, kuma shi da jaka ɗaya ya zo, a ina zai sa ganuwa? Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba, ka san ni in na kafe. Ranar kasuwa aka sa shi motar zuwa Buza. Na ji sanyi a raina. Baba bai san komai ba, kai ma kada ka rubuto masa.

Taka,
Hindatu

Tabotaki, 17 ga Mayu

Yayana,

Allah ya sa wannan ta same ka lafiya. Ni dai jikina lafiya, zuciyar ce babu daɗi.

Ka san aikin tare ruwa da ake yi nan. Kamiyo, manyan motocin kayan nan, na kawo duwatsu, mu mata muna jera su layi-layi a gonaki don kada ruwa ya cinye ƙasa, kuma Haruna ne shugaban masu lodi. Shekaranjiya a gonarmu na ɗaga wani dutse, sai na ga dutsen niƙa ne mai rami biyu. Yaya, na ɗakin kakar Baba ne, na nuna wa baƙi shi ya fi sau ɗari. Rabona da bisa tun tafiyar Isaka, don baƙi ba sa zuwa da zafi. Na hau, na tarar da sawun taya ta bayan dutse. Rabin ganuwa babu.

Da muka zauna cin tuwo na tambayi Haruna. Ya ce direba ke zaɓen wurin lodi, kuma ai dutse dutse ne. Bai ɗago kai daga kwano ba. Tun sannan nake kallonsa ina tuna yadda ya yi saurin tsaya mini shaida. Mutum ɗaya ne ya damu da ganuwar nan bayan Baba, ni kuwa na kore shi da bakina, na kuma jera duwatsun da hannuna.

Ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ya ce a nemo masa jaki, ranar Juma'a zai hau. Haruna ya ce shi ranar yana da tafiya Keita. Jiya Baba ya sake tambayata ganuwa, na ce lafiya lau.

Na san wasiƙar nan ba za ta iso ka kafin Juma'a ba. Ni zan ja masa jakin. Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Hindatu