Fentin da Mijinki Ya Shafa wa Bangon Auta

Ƙanwata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, sai dai mijin naki na wasa, wato maigidana, da kike karewa kullum ya ɗebo mana ruwan dafa kanmu.

Kin san Auta ta kammala ginin farko da ta zana: sama ofisoshi, ƙasa wurin cin abinci. Kankare ne zalla, ba fulasta ba fenti, har shatin katakon da aka zuba simintin a ciki yana nan a jikin bango. Ni ma da na gani na zaci ba a gama ba. Ta ce haka ake so, wai shatin ne adon. Na ja bakina na tsuke.

Shi kuwa, mai fenti na shekara talatin, ina zai iya shiru? Talata da safe ya ɗauki bokiti da burushi, ya ce wa mai gadi shi ne uban mai zanen, ya shafe bangon ɗakin cin abincin kaf da fenti ruwan madara. Wai gudummawa! Garin neman gira an rasa ido, don kankare shan fenti yake kamar soso. Yarinyar nan ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mai ginin ya ce in bangon bai koma yadda yake kafin Asabar ba, wani zai ba zanen gini na biyu.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce da shi da tsufansa bai san tambaya ba? Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya tufatar da bangon mutane iyakar rayuwarsa, ba zai iya ganin na 'yarsa tsirara ba.

Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki. Kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Jiya na kai masa abinci can, na tarar da shi a kan tsani da burushin waya yana kankare fentin nasa, hannu duk ya sale. Ita ce ke riƙe masa tsanin, fuska a murtuke, amma ko sau ɗaya ba ta saki ba.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da Goggo in ta zo.

Yayarki