Jawabin Baba da Aka Yanke

Thunder Bay, Ontario,
ƙarshen watan Fabrairu.

Zuwa ga Yaya Glenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya can arewa a Whitehorse, ke da maigidanki Ross da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibitin nan da ba ya ƙarewa. Mu nan ƙalau muke, sai sanyin da kika sani. Maigidana Curtis ya koma aiki bayan ciwon bayansa, yana ta mita kamar kullum, alamar ya warke ke nan. Ɗana Wyatt ya fi ni tsawo yanzu, abinci ba ya kwana a firij. Baba ma jikinsa da sauƙi, kuma maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu, tunda in na kira ki a waya, ko kina shiga aiki ko kina fitowa.

Kin san 'yata Paige tana shekarar ƙarshe a sakandare, ta kuma ɗauki darasin fim. Malamarsu, Madam Beaulieu, ta ba su aikin da har yau yake ɗaure mini kai: su shirya farkon fim kawai, minti biyu, ba tsakiya ba ƙarshe. Da wannan aikin za ta nemi kwalejin da take so, shi ya sa yarinya ta ɗauki abin da zafi. Labarinta na wani tsoho ne da ya koma rumbun alkama na bakin tafki, inda ya yi aiki kafin a rufe. Ba ta je da nisa neman tsoho ba, Baba ta zaɓa. Na ce mata kada ta ɓata bakinta, mutumin da tun rasuwar Mama ba ya zuwa ko'ina sai coci da shagon gahawa. Ashe ni ce ban san shi ba. Ya yi aski, ya fito da kwat ɗinsa ruwan ƙasa, ya ce wai tsohon nan ba zai tsaya kamar gunki ba, shi da kansa zai tsara masa jawabin da zai yi.

Ni ce direba, ni ce kuma mai riƙe sandar makirfo, don haka komai a idona aka yi. Fitar farko Paige ta dasa kyamarar makaranta a kan ƙafafunta uku ta ɗauka, muka dawo gida muka tarar shingen waya ne ya fito tar, Baba kuwa dishi-dishi a bayansa. Ya ce ai kyamarar ta yi gaskiya, shingen ya fi shi kyan gani. Da muka koma, rana tana bayansa, ya fito baƙi ƙirin. Ranar da hoto ya yi kyau kuma, iskar tafki ta cinye maganar, bakinsa kawai ke motsi. Sai malamar ta ara mata wata riga mai gashi da ake sa wa makirfo, Baba ya raɗa mata suna mushen ɓera. Batir kuwa nan da nan sanyi ke kashe shi, har yarinya ta koyi ɓoye na biyu a hammata. Duk wannan wahala Baba bai yi tsaki ko sau ɗaya ba. A kowace fita sai ya maimaita jawabinsa daga farko har ƙarshe, ni dai hankalina yana kan hannuwana da suka daskare. Ya kuma riga ya gaya wa abokan gahawarsa, su Eino da Walt, su shirya zuwa makaranta ranar da za a nuna, su ji abin da ake kira magana.

Matsala ta taso wajen tacewa. Paige ta mamaye mini teburin cin abinci da kwamfuta, hotunan a jere kamar doguwar igiya, tana yanka nan tana ja can tana haɗawa. Da farko murya takan riga baki, ko baki ya riga murya, muna ta dariya, daga baya hannunta ya faɗa. Da ta gama haɗawa sai abu ya kusa minti huɗu, rabinsa jawabin Baba ne. Madam Beaulieu ta kalla ta ce mata doka doka ce, wanda ya wuce minti biyu makinsa zai ji jiki. Ta ƙara da cewa aikin farkon fim shi ne ya sa mai kallo tambaya, tsohon nan kuwa ya amsa komai tun ba a tambaye shi ba. Paige ta gwada yanke duk sauran don ta ceci jawabin, bai yiwu ba. Sai ta haɗa wani ba jawabin, ta ga da idonta ya fi kyau nesa ba kusa ba, ta kifa kai a teburi tana kuka.

Ta roƙe ni in gaya wa kakanta, na ce ba ni na ɗauko shi aiki ba. Curtis, sarkin dabara, ya ce a nuna masa dogon a gida, a kai gajeren makaranta. Na tambaye shi ko ranar nunin ɗaure tsohon za mu yi a mota.

Ranar Lahadi bayan coci Baba ya biyo mu cin abinci, ya ce yana son ya ga yadda ake yankan nan. Paige ta sa masa dogon. Ana tsakiyar jawabinsa na ga ya fara kallon taga, sai ya lura na gan shi. Yarinya ta sa gajeren: takalmansa a cikin dusar ƙanƙara, bayansa, hannunsa a kan kwaɗon ƙofa, sannan ya waiwayo kamar an kira shi, hoto ya ɗauke. Can Baba ya ce wai wannan tsohon me ya zo nema, Paige ta ce abin da ake so mai kallo ya tambaya ke nan. Sai ya sa ta mayar da dogon, ya tambayi maɓallin yankan, ya sa yatsa ya danna, ya yanke jawabin da kansa. Ya ce da ma surutu ne, su Eino sun saba jin muryarsa, a ba shi miya. Na ji tausayinsa sosai, amma na zuba masa miyar.

Da zan mayar da shi gida, muna ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi, ya tambayi Paige ko abin da aka yanke zubarwa ake yi. Ta ce a'a, yana nan cikin kwamfuta. Ya ce to a tura wa Glenda. Ban gane dalili ba sai da na zauna na saurara da kyau, karo na farko. Tsohon da ke labarin Paige ba shi da iyali, amma na cikin jawabin yana maganar 'yarsa ta fari da ta tafi arewa, yana cewa tun ranar da aka binne uwarta bai sake ganinta ba, kuma ba ya jin haushi, ɗakinta dai yana nan. Paige za ta turo miki gobe. Bai kai minti biyu ba, Yaya, ki kalla har ƙarshe.

Ki gaida Ross, ki gaida Nolan da 'yar autarki Brielle. Curtis da yara suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Lorna