Ranar da Babanki Ya Sake Ganina

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da Jikalle. Yaya jego, yaya rashin barci? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku da ta ishe mu.

Saƙonku ya iso, ke da yayanki, cewa kun haɗa kai za ku saya wa Babanku sabuwar kyamara ko ya rabu da kujerar nan tasa. Allah Ya yi muku albarka. Kin san tun da idonsa ya yi rauni ya rufe shagon hoto, tsohuwar kyamararsa kuma ta cije, mutumin nan ya koma kamar kayan ɗaki. Ni kaina da muryata yake gane ni, da ƙarar silifas ɗina. Hotunan Jikalle da kike turowa a waya yakan kai su har bakin hancinsa, ya jujjuya, ya ce ma sha Allah, alhali na san bai ga komai ba sai wani fari-fari. Wannan abu yana ci mini rai, Auta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana duban fuskokin 'ya'yan mutane, a ce ba zai ga ta jikarsa ba.

Kun ce in raka shi ya zaɓa, to na raka shi. Shagon Dogo muka je, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma har ya ajiye tumbi da furfura. Dogo ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya fito da kyamarori biyu ya jera a kan teburin gilashi. Ɗaya ƙatuwa ce baƙa, irin tasa ta da, mai madubi a ciki. Ɗayar 'yar siririya ce, ba ta da madubi. Ni a wurina kyamara kyamara ce, amma da na ga Babanki ya gyara zama ya yi gyaran murya, na ce shi ke nan, yau mun shiga aji.

Wai a mai madubi, hasken da ya taso daga fuskar mutum shi ke shiga ta gaba, ya bugi madubin, ya hau zuwa 'yar tagar da ake sa ido, saboda haka abin da ka gani shi ne abin da Allah Ya halitta, ba ƙari ba ragi. Marar madubi kuwa wai ɗan talabijin aka cusa mata a cikin tagar, na'ura ce ke kallo sannan ta ba ka labari. Ya ce shi da girmansa ba zai zauna na'ura tana ba shi labarin fuskar mutum ba. Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, tana nuna maka hoton tun kafin ka ɗauka, aibinta dai shan batir. Babanki ya ɗora ta a tafin hannu, ya auna, ya ce gidan sabulu ma ya fi ta kwarjini, ya ture ta gefe. Da gangan ya ƙi kai ta idonsa, don tun da na aure shi ban taɓa ganin kyamara ta shiga hannunsa bai kai ta ido ba.

Mai madubin muka ɗauko don gwaji. Muna fita Dogo ya zura ƙaramar a jakata, ya raɗa mini cewa in bar ta a gida ko da a kan kabad ne. Zan sanar da ke yadda ta kaya.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan Jikalle.

Taki,
Inna


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Yaya jikin Jikalle, murar ta sake ta? Ki riƙa rufe mata ƙirji, ke ma haka kika yi ta fama kina jaririya.

Labarin yau ba mai daɗi ba ne, amma ba zan ɓoye miki ba. Washegarin zuwanmu shago Babanki ya yi wanka da sassafe, ya sa rigarsa mai aljihu da yawa wadda yake fita aiki da ita. Ya zauna bakin taga, ya goge kyamarar da ƙyallen nan nasa mai laushi, yana shafa ta kamar mai lallashin yaro. Yatsunsa ba su manta komai ba, kowane maɓalli suna zuwa kansa ba lalube. Ya ce in tsaya jikin labule. Na tsaya, har da gyara ɗankwali.

Ya kai ta idonsa na dama, mai ɗan sauran gani, ya daɗe a haka. Sai na ji ƙarar nan da ya ce ya fi so a duniya, ƙas! Ya sake, ya kuma sakewa. Da muka duba allon bayanta, ni ce mai dubawar, hoto ɗaya labule ne, ɗaya gwiwar hannuna, ɗaya kuma rabin kunnena da bango. Na ce masa sun yi kyau. Ya yi murmushi ya ce in daina, shekarun aurenmu sun wuce wannan. Ashe madubin da yake yabo gaskiyar ya faɗa masa. Hasken ɗakin ya miƙa masa yadda yake, hasken ɗaki kuwa ya daɗe da daina isar idonsa.

A nan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Wai a irin wannan kyamara, lokacin da ka danna, madubin tashi yake yi ya ba haske hanya, sai tagar ta yi duhu na ƙiftawar ido. Ke nan duk hotunan da ya ɗauka a duniya, har da naki na ranar da kika fara tafiya, bai taɓa ganin ainihin lokacin da idonsa ba, sai daga baya a takarda. Ya ce ya saba da wannan ɗan duhun, suna gaisawa kullum, bai dai taɓa zaton zai zo ya zauna ba. Sai na tashi na ɗora ruwan shayi, na yi kukana a can.

Ya mayar da ita kwalinta da kansa, ya cire rigar ya ninke. Mun kuma koma wurin likita, ya ce ɗan abin da ya rage a idon daman ƙara tsukewa yake yi, ba magani, sai dai a rage masa gudu. Ki taya mu da addu'a. Kada ki kira shi kina kuka, kin san halinsa, shi zai koma yana ba ki haƙuri.

Taki,
Inna


'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da Jikalle. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, ina so in rubuta miki wannan tun yana da ɗuminsa.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo, falo ya yi duhu-duhu. Na ce bari in haɗa kyamarorin nan biyu in mayar wa Dogo kayansa. Na sauko da ƙaramar daga kan kabad, garin goge mata ƙura na taɓa wani abu, sai ta kunna kanta. Na danna nan, na danna can, ta ƙi mutuwa. Haushi ya kama ni, na miƙa wa Babanki ina mita, na ce ya kashe mini wannan abar tun ba ta ƙone ba. Wallahi ba dabara na yi ba. Hankalinsa yana kan rediyo, ya miƙo hannu ya karɓa, hannun kuwa ya yi abin da ya saba tun kafin a haife ki. Kafin ya tuna yana gaba da ita, tana kan idonsa.

Auta, mutumin nan ya sandare. Na zaci jikinsa ne, na yi salati na nufo shi, sai ya ɗaga mini hannu alamar in tsaya. Can ya faɗi ƙarfe nawa ne a agogon bango, daidai, agogon da ya yi shekaru bai karanta ba. Ya juya a hankali ya ce ashe bangon nan ya tsage ta saman ƙofa ba wanda ya gaya masa. Yatsansa ya lalubo wani maɓalli mai jawo abu kusa, da wani mai ƙara haske. Ɗan talabijin ɗin da ya raina, shi ne ke tattaro ɗan hasken ɗakin ya ninka masa, ya kawo masa har cikin ɗan gurbin da ya rage a idonsa. Ya dubi hoton mahaifiyarsa da ke rataye, ya gaishe ta. Ya dubi tafin hannunsa ya ce kai, wannan hannun tsoho ne.

Sai na ga bakin kyamarar yana juyowa wajena. Kin san abin da uwarki ta yi? Gudu na so in yi. Zanen aikin gida ne a jikina, ɗankwalin ya zame, furfura duk a waje. Shekarun nan da ba ya gani, a ransa ina nan yadda ya bar ni, ni ma kuma na saki jiki da hakan, har madubin ɗaki na daina kulawa. Kunya ta rufe ni kamar ranar da ya fara zuwa gidanmu. Ƙafata dai ta ƙi ɗaguwa.

Ya dube ni, ya yi ta dubana, ruwan sama na sauka a kan rufi. Ban taɓa sanin kallo yana da nauyi ba sai jiya. Ya tambaye ni tabon da ke saman girata, na ce murfin kabad ne ya buge ni bara, ban faɗa masa ba don kada ya damu. Ya ce in yi dariya, na ce ba zan yi ba, sai kuma ta kuɓuce mini, ya ga gurbin haƙorin da aka cire. Ya ce ashe na koma kamar mahaifiyata sak, kuma da ma ita ce ta fi kowa kyau a gidanmu. Hawaye yana bin gefen kyamarar yana ɗiga a rigarsa, bai sauke ta ba, bai kuma danna ya ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ya ce ba hoto yake so ba, ni yake kallo.

Muna haka batirin ya ƙare, tagar ta mutu. Ya sauke ta a cinyarsa yana ta tasbihi, sannan ya ce lallai Dogo bai yi ƙarya ba, abar akwai shan batir. Muka yi ta dariya muna share ido kamar waɗanda suka zautu. Ni har yanzu mamaki bai sake ni ba, yadda Allah Ya sanar da ɗan Adam ya ƙera abu kamar gidan sabulu, ya mayar wa miji da matarsa.

Taki,
Inna


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Na ji Jikalle ta fara wasa da yatsun ƙafarta, Allah Ya raya mana ita.

Zaɓi dai an yi shi. Ki gaya wa yayanki marar madubi Babanku ya ɗauka. Mun mayar da ƙatuwar, kuma sai da ya shafa ta ya ba ta haƙuri kafin ya miƙa wa Dogo, ya ce ba ta yi masa laifin komai ba, ita ta mai ido ce. Dogo ya haɗo mu da ƙarin batura, yanzu aikina ya ƙaru, kullum ina bakin soket ina caji.

Gidan nan ya zama wurin kallo. Yana yawo da ita manne a ido, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa kada ya yi karo da ƙofa. Ya tsuguna ya kalli tururuwa suna jan ƙwayar sukari har shayinsa ya huce. Ya kalli tururin butar shayi ya ce bai san yana murɗawa haka ba. Maƙwabcinmu tela ya shigo gaishe shi, ya ce masa ashe sanƙo ya gama da shi, suka yi ta tsiya. Kowace safiya kuma sai ya zaunar da ni bakin taga ya dube ni kafin ya karya, wai ajiya yake yi.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Maɓallin nan na ƙara haske yana da iyaka. Ranar farko kaɗan ya murɗa ya gan ni. Yanzu ina lura da yatsansa, kullum sai ya ƙara gaba, kuma jiya na ga ya murɗa ya kai inda ba ya ƙara motsi. Sai da yamma ya tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, ko har yanzu sai ƙarshen shekara za ku zo.

Auta, ƙarshen shekara ya yi nisa. Na san hanya da jaririya ba sauƙi, na san aikin maigidanki, ki roƙar mini shi arziki. Na gwada nuna masa hotunanta ta cikin kyamarar, ya ga kamanninta, amma ya ce shi ya gaji da hoto, so yake ya ga tana ƙifta ido tana hamma. Kada ki tsaya neman tsaraba, kada ki tsaya ɗinka mata kaya. Ki goyo ta ki taho a makon nan, tun yana iya ganinta.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarki mai jiran ku,
Inna