Yayana Ya Rantse Ya Je Garin da Bai Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum Hajiya Asma'u. Don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni allo na yi, boko sai da girmana. Yayana Malam Maharazu, Allah ya jiƙansa, ya rubuta ƙagaggen labari kan zamanin kakannin kakanninmu, lokacin da mahara ke ƙone rumbuna. Ya ce Sarkin Noman wani ƙauye bayan Mahuta ne ya buɗe musu ƙofar gari, aka karkashe mutane, aka zuba gawarwaki a rijiyar bakin marina. A gabatarwa ya rantse da Allah ya taka garin, har ya leƙa rijiyar.

Hajiya, bai je ba. Shekara shida yana kwance, ƙafafu sun shanye, ni ke juya shi. Sunan ƙauyen ma a jikin buhun masara ya gani. Ya ɗauka tunda sarauta ya ambata, ba sunan mutum ba, ba wanda zai cutu.

Ashe sarautar ta gado ce, gida ɗaya ke riƙe da ita. Tunda aka karanta littafin a rediyo ake ce wa jikokin Malam Shitu, Sarkin Noma na yanzu, jinin maciya amana. Bana ya kira gayyar girbi, ba wanda ya fito, masararsa ta ruɓe a gona.

In na faɗa, na tona asirin mamaci, 'ya'yansa su sha kunya. In na yi shiru, ina tsoron abin da yake gamuwa da shi a kabari.

Baiwar Allah, Funtuwa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya gafarta wa Malam Maharazu.

Ƙaga labari ba laifi ba ne, kuma ba dole sai marubuci ya je inda ya rubuta ba. Rantsuwar ce ta mai da ƙage shaida. Na fahimci tausayin marayu, amma kunyarsu za ta wuce, shi kuwa Malam Shitu kullum ake cutar da shi. Shirunki ba sutura ba ce ga yayanki, haƙƙi yake ƙara masa.

Fara gaya wa 'ya'yansa, kada su ji a waje. Sannan ki ɗauki babbansu ku je garin, ku faɗi gaskiya gaban liman da mai gari, ku roƙi Malam Shitu gafara. Yana iya ƙin yafewa, ki shirya wa hakan. A sanar a rediyon, a cire rantsuwar daga littafin.

Kada ki bari wata damina ta sami Malam Shitu a haka. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauta wa yayanki.