Ni da Kaina a Gonar Baba

Litinin, 6 ga Yuli, 1953
Yau malamin Turancinmu na Ɗambatta ya koya mana "myself", wato ni da kaina. Wai kalmomi biyu ne kakannin Turawa suka haɗe, ana faɗinta in mutum ya yi abu babu hannun kowa. Wallahi ta shige ni. Ya ce kowa ya kawo jimla da ita. Na rubuta tawa: zan nome gonarmu ni da kaina.

Laraba, 8 ga Yuli
Kurkunu ya kwantar da Baba, ƙafa ta kumbura suntum. Ciyawa tana neman cinye geronmu. Matata Larai ta ce, "Malam, ka kira gayya mana." Da wane ido? Gayya uku aka yi bana, ta Nababa ɗan baffana ce ta fari, duk ban je ba, ina rungume da littafi. Na ce mata ko Bature ba ya jiran gayya. Ta ce ita ba Bature ta aura ba. Ji mace!

Asabar, 11 ga Yuli
Kunya tara kawai na nome tun asuba. Tara! Hannu duk kanta.

Litinin, 13 ga Yuli
Ban je aji ba. An sake ruwa, inda na nome har ciyawa ta fara tofowa. Na kasa zama, na kasa karatu. Nababa ya wuce ta bakin gona, ya ce, "Sannu da aiki, Bature." Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba bai yi faɗa ba, tambaya kawai ya yi ko geron ya fara ja. Na ce a'a. Ya fara.

Alhamis, 16 ga Yuli
In geron nan ya lalace, me za mu ci? Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 18 ga Yuli
An buga gangar noma a gonar Nababa, maimai suke yi. Ni dai fartanyar da Larai ta aro na je mayarwa, ba wani abu ba. Nababa ya dube ni, ya matsa, ya bar mini kunya ɗaya kusa da tasa. Sai la'asar na miƙe. Muna shan fura ya ɗaga murya: "Talata gonar Baba, kowa ya ji!"

Jimlar nan ban kai wa malam ba. Na goge ta.